Rawar Kyuba da Ƙafar Dama

A duk Hausawan birnin Greensboro na Amurka babu wanda ya taɓa jin Alhaji Ma'aruf ya ce bai san wani abu ba. Ka kawo zancen jirgin sama, ya taɓa ba wani matuƙi shawara. Ka kawo zancen ciwon suga, likitoci ma shi suke tambaya a ɓoye. Aikinsa na gaskiya tuƙa motar ɗaga kaya ne a wani ƙaton sito da ke titin Wendover, amma in baƙo ya tambaye shi sai ya gyara zaman hula ya ce harkar sufuri yake tsakanin jihohi. Mutane sun saba, sukan bar shi ya cika baki har ya gaji, don in ka cire wannan hali mutumin kirki ne.

'Yarsa ɗaya tal, Ilham, ma'aikaciyar jinya ce. Za a aurar da ita ga wani saurayi mai suna Zubair, wanda ya musulunta tun suna jami'a tare, kuma da an tashi biki zai ɗauke ta su koma can birnin Tampa mai nisa. Uwar angon, Angelina, 'yar Kyuba ce, gajeriyar mace mai dariya da dukan jikinta. Ran da ta zo cin tuwo gidan surukanta, a nan zancen rawa ya taso.

Ilham ce ta fara, idonta a kan kwano.

"Baba, danginsu Zubair suna da wata al'ada. Ranar liyafa amarya takan yi rawa da mahaifinta, su biyu kawai a fili. Ca-ca-ca suke yi. Ita kaɗai nake roƙonka a bikin nan. Please."

"Ca-ca-ca?" in ji Ma'aruf. "Tambaya kike ko na san ta?"

Angelina ta ji daɗi, ta ajiye cokali ta shiga bayani da Turancinta mai gudu. Ta ce a Habana, babban birninsu, aka haifi rawar, bayan shekarar 1950 kaɗan. A lokacin rawar mambo ake yayi, amma saurinta yana rikita mutane, sai wani mai goge irin na Turawa ya sassauta kiɗan yadda ko tsohuwa za ta ji inda za ta sa ƙafa. Ƙarar jan takalma a ƙasa ce ta ba rawar suna. Ba a jima ba ta ƙetare ruwa ta cika Meziko da Amurka, yau har gasarta ake yi a ƙasashen da ba su san inda Kyuba take ba.

Ma'aruf ya saurara yana murmushin tausayi.

"Haka aka gaya muku, ko? To, tamu ce. Kakanninmu suka kai muku."

"Ganguna kam daga Afirka suka zo mana, wannan gaskiya ne," in ji Angelina.

"Kun ji! Daga Fagge. Ina saurayi in na shiga fili makaɗa tashi tsaye suke."

Matarsa Hajiya Bebi, wadda ke zuba miya, ba ta ko ɗago ba.

"Alhaji, tun da aka kawo ni gidanka ban ga kafaɗarka ta girgiza ba, sai shekarar da ka yi zazzaɓin cizon sauro."

"Ke, Bebi, ba kome miji ke nuna wa matarsa ba."

Angelina ta miƙe ta jawo Ilham tsakiyar falo don ta nuna tushen abin. Namiji ya riƙe hannun mace, ɗaya hannun nasa a bayan kafaɗarta. Ba a farawa daga ɗaya, daga biyu ake farawa. A biyu namiji ya taka gaba da ƙafar hagu, mace ta ja baya da dama. A uku kowa ya mayar da nauyinsa inda ya fito. Sai 'yan taku uku masu sauri zuwa gefe, ca-ca-ca. Daga nan a juya, ita ta zo gaba shi ya ja baya.

"Tsaya," in ji Ma'aruf. "Da wace ƙafa kika ce?"

"Hagu."

"Subhanallahi! Da hagu ake shiga ban ɗaki. Ka ga inda suka ɓata mana ita a hanya."

Angelina ta ce duk Asabar tana gida, ya zo da Ilham su koya tare. Ya yi mata godiya irin wadda malami ke yi wa ɗalibin da ya ce zai koya masa Fatiha. Ilham ta dube shi. Yana son yarinyar nan fiye da ransa, da ƙodarsa ta roƙa da ya ba ta nan take. Amma ya tsaya gaban surukarsa ana ce masa ɗaga nan, ajiye can, wannan kam ya fi ƙarfinsa.

Kafin gari ya waye shirin ya girma a kansa. Rawa ɗaya da 'ya ai ƙaramin abu ne. Zai haɗa ayarin dattawan Hausawa su buɗe fili, 'yan Kyuba su ga asalin abin da suke tutiya da shi, sannan ya rufe da Ilham. Ya kwana biyu yana kallon bidiyon masu rawa a waya lokacin hutun aiki, a ɓoye bayan kwalaye. Ran Juma'a bayan an sallame ya tare ƙofar masallaci. Ya samu Boukari, direban tirela ɗan Maraɗi, mutum mai faɗin ƙofa. Ya samu Malam Tahirou mai shagon nama, wanda ya girmi kowa. Ya samu Djibrilla mai tasi, da wasu mutum huɗu da suka ji an ce za a ɗinka anko.

A falonsa da ke bene aka fara horo. Aka ture kujeru, Ma'aruf ya tsaya gabansu da kara a hannu.

"Biyu-biyu ake yi. Ɗaya ya zo gaba, ɗaya ya ja baya."

"Wa ke ja da baya?" in ji Malam Tahirou.

"A wurinsu, mace."

Kowa ya shiga duban silin.

"Ni na yanka ragon sunan 'ya'yan rabinku," in ji Malam Tahirou. "In ja da baya gaban wa?"

"Ni kuma, Malam, ba zan iya tunkaro ka in tura ka ba," in ji Djibrilla. "Ba a yi mini wannan tarbiyyar ba."

"To kai ka ja bayan mana."

"A'a, Malam. Matata za ta zo bikin."

Boukari ya ɗaga hannu. "Pardon, Alhaji. Ni ko da tirela ba na son ribas."

Aka yi ta musu har shayi ya huce. Wannan ya ce ya riga wancan zuwa Amurka, wancan ya ce ya riga shi zuwa Makka. Da Ma'aruf ya ga ayarinsa zai watse tun ba a ɗaga ƙafa ba, sai ya yanke hukunci irin nasa.

"Kowa namiji ne, babu mai ja da baya. Ku yi sahu ku fuskanci talabijin. Kowa gaba, kuma da ƙafar dama, kamar yadda Musulmi ke fara abin alheri. In na ce ca-ca-ca, kowa ya yi damansa. Kuma ina so in ji ƙarar, don daga ƙarar sunan ya fito."

Ƙara kuwa an ji ta. Ƙarti takwas suka shiga dukan ƙasa kamar masu daɓe. Ba a daɗe ba aka buga ƙofa. Hephzibah ce, dattijuwar da ke zaune a ƙasansu, tsohuwar direbar motar makaranta, riƙe da hoton marigayi mijinta da gilashinsa ya tsage.

"Mista Ma'aruf, dawakai ka fara kiwo?"

"Ca-ca-ca muke, Anti."

Ta leƙa ta ƙare wa sahun kallo daga wannan kai zuwa wancan.

"Na yi ca-ca-ca ina budurwa. Ina matan?"

"Mun sauƙaƙa ta."

"To ku sauƙaƙa ta a waje, kafin fankata ta faɗo mini a ka."

Haka horo ya koma wajen fakin motoci, da la'asar sakaliya, inda duk mai taga ya samu kallo kyauta. A nan Ma'aruf ya kawo darasi na biyu, wanda ya hango a bidiyo.

"Saura ƙugu. Ƙugu ake juyawa."

"Ƙugun wa?" in ji Malam Tahirou.

"Na kowa. Ku duba nan."

Ya kama kunkuminsa ya yi wani murɗe kamar wanda kunama ta shiga wa wando. Daga tagar bene Hajiya Bebi ta leƙo.

"Alhaji, Angelina ta ce ba a murɗa shi. Gwiwa ake miƙewa ɗaya bayan ɗaya, shi ƙugun ya tafi da kansa."

"Bebi, koma kan girkinki. Wannan ta maza ce."

Malam Tahirou bai so a ce yara sun fi shi ba. Ya ce bismillahi ya murɗa sau ɗaya, aka ji ƙas. Ya tsaya a sunkuye kamar mai ruku'u, ya kasa ɗagowa ya kasa sujada. Suna ƙoƙarin cusa shi a tasin Djibrilla, Boukari da bai lura an tsaya ba ya yi ca-ca-carsa zuwa dama ya bangaji wata farar mota. Motar ta ɗauki kuka, ta kusa da ita ta amsa, karnukan unguwa suka shiga. Wasu 'yan mata a baranda suna ɗauka a waya suna riƙe ciki.

"Kun gani?" in ji Ma'aruf yana haki. "Tun yanzu an fara ɗaukarmu."

Maganar ƙugu dai a ranar aka binne ta. Ma'aruf ya ce babbar riga za a ɗinka, mai yalwa, don a cikin babbar riga babu wanda ya san abin da ƙugu ke ciki.

Duk Asabar Ilham takan tsaya a ƙofar falo da makullin mota.

"Baba, are you coming?"

"Yau akwai horo. Je ki, ke ce mai buƙatar koyo."

Sai Hajiya Bebi ta yafa mayafi ta raka ta. In sun dawo takan ce, "Yau ma an ara ni na tsaya a gurbinka, ƙafafuna duk sun yi tsami." Shi kuma ya ce Allah ya ba da lada.

Ana gobe biki Ilham ta same shi a kicin yana shan kunu. Hannayenta sun sha lalle. Ta miƙa masa su.

"Baba, sau ɗaya. Nan, ba mai ganinmu."

Ya dubi hannayen. Ya san da ta riƙe shi za ta gane bai iya kome ba, kuma ya fi son duk Greensboro ta yi masa dariya da yarinyar nan ta gane.

"Ni da na horar da dattawa? Kada ki ɓata lallenki. Gobe ke dai ki bi ni."

Ta janye hannayenta a hankali ta ce to.

A garin Summerfield aka yi liyafar, a wata tsohuwar bargar dawaki da aka mayar zauren biki, daɓen katako sai sheƙi yake. Bayan la'asar aka ci aka sha, waina da sinasir a wannan tebur, baƙin wake da soyayyar ayaba a wancan. Sai mai kiɗa ya ce dangin ango su buɗe fili.

Suka fito biyu-biyu. Har da wani tsoho mai farar malafa, yayan Angelina, da matarsa mai furfura. Taku ƙanana, ba duka ba haki, ƙafafu na shafar katako kamar ana share shi. Shi ya zo ita ta ba shi wuri, ita ta zo shi ya ba ta. Matan Hausawa suka kasa haƙuri, guɗa ta tashi, aka fito ana liƙi.

Ma'aruf na tsaye a gefe cikin babbar riga ruwan toka da sabon takalmi mai tsini, gumi na bin bayansa. Ya dubi filin, ya dubi ayarinsa. Kowa a can yana fuskantar abokin rawarsa. In nasa suka fito a sahu, za a ce sallar gawa suka zo.

"An canja tsari," ya raɗa musu. "Biyu-biyu. Ku fuskanci juna, ku riƙe hannu."

"Alhaji, ba mu taɓa yin haka ba fa," in ji Djibrilla.

"Abu ɗaya ne. Da talabijin kuke kallo, yanzu mutum."

"Wa zai ja da baya?" in ji Malam Tahirou, wanda ke sanye da ɗamarar asibiti a ƙarƙashin riga.

"Mun gama wannan maganar. Mu je!"

Ma'aruf ya karɓi lasifika tukuna. Ya sanar wa jama'a, da Hausa da Turanci, cewa yanzu za su ga rawar yadda take kafin ta shiga jirgin ruwa. 'Yan Kyuba suka tafa da zuciya ɗaya. Ya mayar da lasifika ya kama hannun Boukari. Malam Tahirou ya kama na Djibrilla kamar mai duba rago. Kiɗa ya tashi.

"Bismillahi," in ji Ma'aruf. "Biyu!"

Ƙafafun dama takwas suka yi gaba a lokaci guda. Tumbi ya haɗu da tumbi, goshi ya haɗu da goshi, aka ji gum har a teburin amarya. Huluna suka tashi sama. Hancin Ma'aruf ya nutse a ƙirjin Boukari.

"Ja baya mana!" ya ce daga cikin rigar.

"Kai ka ce babu mai ja!"

"Uku! Ca-ca-ca!"

Nan ne abin ya ci tura. Kowa ya yi damansa kamar yadda aka koya masa, kuma daman mutumin da ke kallonka ba damanka ba ne. Sai ga su riƙe da hannun juna, wannan na jan gabas wancan na jan yamma. Hannun wata babbar riga ya ce ƙeee. Djibrilla, don ladabi, ya saki hannun Malam Tahirou kada ya ja dattijo, Malam kuwa ya tafi a guje da gefe, ya taka takardun liƙin da ba a gama kwashewa ba, ya zarce kamar an tura amalanke har sai da teburin zoɓo ya tare shi. Jan ruwa ya wanke masa babbar riga tun daga wuya.

"Tamanin!" wani ya yi ihu daga cikin jama'a, ba a san me yake nufi ba, amma aka ƙara tafi.

'Yan Kyuba sun ɗauka wani irin wasan kokawa ne na gargajiya. Tsohon mai malafa ya miƙe yana kaɗa ta a sama yana tambayar wa ke kan gaba.

Da Ma'aruf ya haƙura a nan, da an tashi da dariya kawai. Amma kiɗa bai tsaya ba, shi ma ya ƙi.

"A sake! Biyu!"

Boukari mutum ne mai bin umarni. Ya ɗaga ƙafar da ke taka birkin tirela ya sauke ta da dukan nauyinsa, kamar yadda aka horar da shi a ji ƙara. A kan tsinin sabon takalmi ta sauka. Ƙarar da aka ji ba ta katako ba ce. Ma'aruf ya kira sunan Allah, ya kira na mahaifiyarsa, ya zauna daɓas a tsakiyar fili.

"Pardon, pardon! Alhaji, ai da ka ja baya!"

Mutum biyu suka ɗauke shi zuwa kujera. Da ƙyar aka zare takalmin, babban yatsa ya kumbura ya yi kamar dankalin Hausa. Aka jawo robar ƙanƙarar da ake sanyaya lemo aka tsoma ƙafar a ciki, tsakanin gwangwanaye. Angelina ta zo duba shi, tana so ta jajanta dariya na hana ta.

"Wannan ita ce ta Fagge?" ta tambaya tana share hawaye.

"Mai kiɗanku ne ya ɓata. Ya fara daga inda ba a farawa."

Yana cikin neman wanda zai ɗora wa laifi na biyu sai aka rage fitilu. Mai kiɗa ya ce yanzu lokacin amarya ne da mahaifinta, a ba su fili.

Ilham ta fito tsakiyar katako cikin doguwar riga da lulluɓi, ta tsaya tana duban inda yake. Ma'aruf ya dafa kujera ya yunƙura. Yana ɗora ƙafar a ƙasa wani zafi ya harbe shi har ƙwaƙwalwa, ya koma ya zauna. Ya sake yunƙurawa, ya sake komawa. Dariyar zauren ta mutu. Yarinya na tsaye ita kaɗai, hannunta a ɗan miƙe, kiɗa na tafiya ba mai taka shi.

Hajiya Bebi ta tashi. Ta zare mayafinta ta ɗaure a ƙugu, ta wuce ta gabansa ba ta dube shi ba. Ta kama hannun 'yarta, ta sa ɗaya hannun a bayan kafaɗarta, ta jira kiɗa ya zagayo. Ta taka gaba, Ilham ta ba ta wuri. Ilham ta zo, ita ta ja baya. Ba gwanaye ba ne, sau ɗaya ma sun kusa karo suka kwashe da dariya, Ilham na dariyar hawaye na zuba. Guɗa ta tashi daga ɓangaren mata, 'yan Kyuba suka kama tafi daidai da kiɗan.

Ma'aruf ya kafe su da ido. Wurinsa ne wancan. Shi aka roƙa, kuma ba za a sake roƙonsa ba. Ya karkata wajen Boukari, wanda ke gefensa yana danna ƙanƙara a ƙirji.

"Ka lura kuwa? Da hagu ta fara. In da ni ne..."

"Alhaji," in ji Boukari a hankali, "yi shiru ka kalli 'yarka. Gobe war haka tana hanya."

Ma'aruf ya mayar da idonsa fili. Ya zauna ƙafa cikin lemo yana kallo har kiɗan ya ƙare.